Gandun Dabbobi: Yadda 'yanci da daidaito suka salwanta a littafin George Orwell

Gandun Dabbobi shi ne sunan da masu karatun Hausa suka san littafin Animal Farm da shi, wato ƙagaggen labarin da marubucin nan ɗan Ingila, George Orwell, ya fitar ranar 17 ga Agusta, 1945. Bala Abdullahi Funtua ne ya mayar da shi Hausa, Maɗaba'ar Jami'ar Ibadan ta buga a 1975. Ɗan ƙaramin littafi ne mai babi goma, wanda mai karatu zai iya kammalawa a zama ɗaya ko biyu, amma an fassara shi zuwa gomman harsuna, an haramta shi a wasu ƙasashe, an sanya shi a manhajar makarantu a wasu.

Tambayar da littafin ya ginu a kanta ita ce: me ke sa al'ummar da ta kori azzalumi da hannunta, ta rubuta dokar daidaito da kanta, ta wayi gari a ƙarƙashin wani azzalumin da ya fito daga cikinta? Galibi akan ɗauki littafin a matsayin suka ga miyagun shugabanni. Wanda ya karanta shi da natsuwa zai ga cewa Orwell ya ɗora wani kaso na alhakin a wuyan mabiya, musamman waɗanda suka ga ɓarna tun tana ƙarama suka yi shiru.

Wane ne marubucin?

Ainihin sunansa Eric Arthur Blair. An haife shi ranar 25 ga Yuni, 1903, a garin Motihari na ƙasar Indiya, inda mahaifinsa ke aiki da gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila. Ya yi karatu a makarantar Eton, sannan ya yi aikin ɗan sanda a Burma, wadda yanzu ake kira Myanmar, daga 1922 zuwa 1927. Abin da ya gani a can na yadda ake danne 'yan ƙasa ya sa ya ajiye aikin, ya koma Turai ya zauna cikin talakawan Landan da Paris, ya soma rubutu a kan rayuwarsu.

A ƙarshen 1936 ya tafi Sifaniya, inda ake yaƙin basasa, ya shiga rundunar wata jam'iyyar 'yan gurguzu mai suna POUM domin yaƙar sojojin Janar Franco. A watan Mayun 1937 harsashi ya same shi a wuya. Wata guda bayan haka aka haramta jam'iyyar bisa matsin lambar 'yan kwaminis masu biyayya ga Stalin, aka kama 'ya'yanta, aka kashe shugabanta Andrés Nin, jaridu kuma suka yi ta yaɗa cewa su 'yan leƙen asirin abokan gaba ne. Da ƙyar Orwell da matarsa Eileen suka tsere zuwa Faransa. Wannan ne ya koya masa cewa waɗanda ake yaƙi tare da su da sunan daidaito suna iya juyowa su murƙushe abokan tafiyarsu, kuma su sake rubuta tarihin abin da ya faru. Duk da haka bai bar aƙidar gurguzu ba har ya mutu. Damuwarsa ita ce yadda aka yi amfani da sunanta aka kafa kama-karya.

A gabatarwar da ya rubuta wa fassarar littafin ta harshen Yukren, ya bayyana inda tunanin ya samo asali. Wata rana a ƙauyen da yake zaune ya ga wani yaro ɗan kimanin shekara goma yana kora ƙaton dokin keke, yana zabga masa bulala duk lokacin da ya nemi kaucewa. Sai ya raya a ransa cewa da dabbobi sun san ƙarfinsu, da mutum bai iya juya su ba, kuma haka masu hali ke yi da talakawa.

Labarin a taƙaice

Bayanin da ke tafe ya bi asalin littafin na Ingilishi, tare da amfani da sunayen da fassarar Hausa ta raɗa wa taurarin.

Nomau manomi ne mashayi wanda ya yi sakaci da gandunsa. Wani dare wani tsohon alade mai suna Dattijo ya tara dabbobi ya nuna musu cewa duk wahalarsu daga mutum take, domin shi ke cinye abin da suka samar. Bayan kwana uku ya mutu. Watanni kaɗan bayan haka Nomau ya bugu ya bar dabbobi da yunwa, suka fasa rumbu, da aka zo dukansu suka tayar da bore, suka kore shi da yaransa.

Aladu, da yake su suka koyi karatu da rubutu, suka rubuta dokoki bakwai a jikin bango. Dokokin sun ayyana mutum a matsayin maƙiyi, sun hana sa tufafi da kwana a gado da shan barasa da kashe ɗan'uwa, ta ƙarshe kuma ta tabbatar da daidaito tsakanin dabbobi. Aladu biyu suka fito a matsayin jagorori: Ɗantulu mai fasaha da iya magana, da Maitumbi mai ƙarancin magana da yawan shiri a ɓoye. Suka saɓa a kan gina injin da iska ke juyawa domin samar da lantarki. Ranar da za a jefa ƙuri'a, Maitumbi ya saki wasu karnuka tara da ya raina a asirce, suka fatattaki Ɗantulu daga gandun.

Daga nan aka soke muhawarar da ake yi kowace Lahadi. Aladu suka tare a gidan Nomau, suka fara ciniki da mutane. Duk abin da ya lalace sai a ce Ɗantulu ne. Aka tilasta wa wasu dabbobi amsa laifin cin amana, karnuka suka yayyaga su a gaban jama'a. Akawal, ingarman dokin da ya fi kowa aiki, ya faɗi a bakin aiki, aka sayar da shi ga mai yanka tsofaffin dawaki, aka sanar cewa a asibiti ya mutu. Bayan shekaru aladu suka miƙe a kan ƙafa biyu, riƙe da bulala. A ƙarshe suka gayyaci manoman maƙwabta liyafa, rigima ta kaure a kan maguɗin karta, dabbobin da ke leƙe ta taga suka kasa bambance fuskar alade da ta mutum.

Tarihin da ke bayan labarin

Orwell bai ɓoye cewa da Tarayyar Sobiyet yake ba. Nomau yana wakiltar sarkin Rasha Nicholas na biyu, wanda juyin juya halin 1917 ya kawar. Dattijo ya haɗa siffofin Karl Marx da Lenin. Maitumbi shi ne Joseph Stalin, Ɗantulu kuma Leon Trotsky, wanda aka kora daga jam'iyya a 1927, aka fitar daga ƙasar a 1929, aka kashe a Meziko a 1940.

Ginin injin iska yana nuni da shirye-shiryen raya masana'antu na shekara biyar-biyar da aka fara a 1928. Boren kaji, waɗanda suka gwammace fasa ƙwayayensu da su miƙa su a sayar, ya yi kama da turjiyar manoman da aka ƙwace wa gonaki, lamarin da ya kai ga yunwar 1932 zuwa 1933 wadda ta hallaka miliyoyin mutane. Amsa laifin dole da kashe-kashen bainar jama'a hoton shari'o'in Mosko ne na 1936 zuwa 1938. Maƙwabcin da ya sayi katako da jabun kuɗi, sannan ya kawo hari ya tarwatsa injin da nakiya, shi ne Hitler, wanda ya ƙulla yarjejeniya da Stalin a Agustan 1939, ya mamaye ƙasarsa a Yunin 1941. Liyafar ƙarshe kuwa, Orwell da kansa ya ce taron Tehran na ƙarshen 1943 ne, inda Stalin da Churchill da Roosevelt suka zauna a teburi ɗaya. Ya rufe ta da rigima ne domin bai yarda ƙawancen zai ɗore ba, kuma hasashensa ya tabbata.

Yadda aka riƙa gutsurar 'yanci

Abin lura a littafin shi ne babu ranar da aka tara dabbobi aka ce musu 'yancinsu ya ƙare. Kaɗan-kaɗan aka riƙa gutsurarsa, kuma kowane mataki yana zuwa da hujjarsa.

Matakin farko ya faru ne tun ranar da gari ya waye bayan bore. An tatsi shanu, aka ajiye madara, dabbobi suka tafi girbi, da suka dawo babu ita. Daga baya aka gano aladu ke sha, aka kuma keɓe musu tuffa. Karambana, aladen da ke magana da yawun shugabanni, ya bayyana cewa aikin ƙwaƙwalwa na buƙatar irin wannan abinci, kuma idan aladu suka gaza, Nomau zai dawo. Jin sunan Nomau ya rufe bakin kowa. A kan wannan batu Ɗantulu da Maitumbi ba su saɓa ba, abin da ke nuna cewa ɓarnar ta riga korar Ɗantulu.

A wata wasiƙa da ya rubuta wa marubuci ɗan Amurka Dwight Macdonald a Disambar 1946, Orwell ya ce nan ne labarin ya juya. A cewarsa, da sauran dabbobi sun taka wa aladu birki a kan madara da tuffa, da al'amura ba su lalace ba. Ya danganta wannan da murƙushe boren sojojin ruwa na Kronstadt a 1921. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mataki na biyu shi ne mallakar ƙarfi, wato karnukan da aka raba da iyayensu tun suna 'yan kwikwiyo da sunan za a ilmantar da su, ba wanda ya tambayi inda aka kai su. Na uku shi ne rufe dandalin muhawara. Na huɗu, wanda ya fi kowanne illa, shi ne mallakar tarihi. Karambana ya riƙa karanto alƙaluman da ke nuna abinci ya ninka alhali dabbobi na kwana da yunwa, ya kuma riƙa sauya labarin yaƙin da Ɗantulu ya yi jarumta a cikinsa har ya zama maci amana tun asali. Da tsofaffi suka ƙare, ba wanda ya rage da zai iya cewa ko zamanin Nomau ya fi na yanzu ko bai fi ba.

Daidaito a bango, bambanci a akushi

Dokokin nan bakwai ba a goge su lokaci guda ba. Cikin dare ake ƙara musu 'yan kalmomi. Haramcin kwana a gado ya koma haramcin shimfiɗa zanen gado. Haramcin shan barasa ya koma haramcin wuce kima. Haramcin kisa ya koma haramcin kisa ba da dalili ba. Daga ƙarshe doka ɗaya ta rage, ta daidaito, ita ma an liƙa mata ƙarin da ya fifita wasu dabbobi a kan wasu.

Dalilin da ya sa wannan dabara ta ci shi ne rashin ilimi. Orwell ya tsaya ya zayyana iyakar karatun kowa. Aladu sun ƙware. Karnuka sun iya, amma ba su damu ba. Goɗi, goɗiya mai tausayi, ta san haruffa amma ba ta iya haɗa su. Akawal bai wuce harafi na huɗu ba. Mafi yawan dabbobi sun tsaya a harafin farko, shi ya sa aka taƙaita musu dokokin zuwa taken da tumaki ke rerawa duk lokacin da wani ya so yin ƙorafi. Dokar da mai ita ba ya iya karantawa, a hannun mai karanta masa take.

Akwai kuma alƙawarin ritaya. An yanka wa dawaki shekara goma sha biyu, an ce za a ware wa tsofaffi makiyaya. Har littafin ya ƙare babu dabbar da ta yi ritaya, filin da aka ware kuma aka shuka masa sha'ir domin haɗa giya.

Zaɓin da kowa ya yi

A nan ne littafin ya fi taɓa zuciya, domin kowane tauraro ya sami lokacin da zai zaɓa.

Akawal mai gaskiya ne, kuma shi kaɗai ke da ƙarfin da karnuka ke tsoro. Ranar da suka far masa, ya danne ɗaya da kofato, sannan ya dubi Maitumbi yana jiran a ce masa ya kashe ko ya saki. Duk shakkar da ta taso masa, maganinta a wurinsa biyu ne: ya ƙara ƙwazo, ya kuma amince cewa shugaba ba ya kuskure. Ya miƙa hukuncin zuciyarsa ga wani, ƙarfinsa ya gina mulkin da ya sayar da shi. Kuɗin da aka samu aka sayo akwatin barasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aura, tsohon jaki, ya iya karatu kamar kowane alade, kuma ya gane duk abin da ake ciki. Ra'ayinsa shi ne rayuwa ba ta sauyawa, saboda haka bai ga amfanin magana ba. Sau ɗaya ya ɗaga murya, ranar da ya karanta rubutun da ke jikin motar da ta ɗauki abokinsa Akawal, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Masu nazari da dama na ganin Aura a matsayin hoton masanan da ke fahimtar zalunci su nannaɗe hannu.

Goɗi tana ji a jikinta cewa ba wannan aka yi bore dominsa ba. Bayan kashe-kashen ta tsaya ta dubi gandun da hawaye, amma ba ta da kalmomin da za ta faɗi abin da ke ranta, kuma duk lokacin da abin da ta tuna ya saɓa da abin da ke bango, sai ta zargi kanta da mantuwa.

Waɗanda suka yi turjiya su ne kaji da wasu matasan aladu huɗu. An hana kajin abinci har tara suka mutu, aladun huɗu kuma suna cikin waɗanda aka fara kashewa. Sun yi magana, amma kowane rukuni shi kaɗai ya yi, a lokacin da karnuka suka riga suka girma. Da wannan Orwell ya nuna cewa farashin faɗin gaskiya yana hauhawa gwargwadon jinkirin da aka yi.

Wahalar da aka sha kafin a buga shi

Orwell ya rubuta littafin tsakanin Nuwambar 1943 da Fabrairun 1944, lokacin da Ingila ke ƙawance da Tarayyar Sobiyet a Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin Victor Gollancz ya ƙi karɓa. Kamfanin Jonathan Cape ya karɓa, sannan ya janye bayan wani jami'in Ma'aikatar Yaɗa Labarai ya ba shi shawarar haka. Mawaƙi T. S. Eliot ya ƙi shi a madadin kamfanin Faber and Faber a Yulin 1944. Daga ƙarshe kamfanin Secker and Warburg ya buga kwafi 4,500, suka ƙare cikin ɗan lokaci. Matarsa Eileen, wadda yakan karanta wa abin da ya rubuta, ta rasu a Maris na 1945 ba ta ga fitowarsa ba.

Ya rubuta wa littafin gabatarwa a kan 'yancin 'yan jarida, inda ya yi ƙorafin cewa a Ingila ba sai gwamnati ta hana ba, editoci da masana da kansu ke toshe ra'ayin da bai dace da yayi ba. Ba a buga gabatarwar ba sai a 1972.

Yadda ɓangarori suka yi amfani da shi

Da Yaƙin Cacar Baka ya kankama, littafin ya zama makami. An haramta shi a Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta har zuwa ƙarshen shekarun 1980, mutane na karanta shi a ɓoye. A ɗaya ɓangaren, wani sashe na Ma'aikatar Harkokin Wajen Ingila ya ɗauki nauyin fassara shi zuwa harsuna daban-daban, hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA kuma ta zuba kuɗi a asirce a fim ɗin zane na 1954. A fim ɗin an sauya ƙarshen labarin, aka nuna dabbobi sun kifar da aladu, aka rage kaifin kwatancin da ya haɗa aladu da manoma a kwando ɗaya, alhali wannan kwatanci suka ne ga ɓangarorin biyu.

Shi ma marubucin bai kuɓuta daga suka ba. A 1949, yana kwance da tarin fuka, ya miƙa wa wancan sashe na Ma'aikatar Harkokin Waje jerin sunayen marubuta da 'yan jarida da yake ganin suna da alaƙa da kwaminisanci, don kada a ba su aikin farfaganda. Da aka bayyana jerin a 2003 muhawara ta tashi: wasu na ganin ya saɓa wa abin da ya koyar, wasu na ganin shawara ce kawai ya bayar wadda ba ta kai kowa kurkuku ba. Ya rasu ranar 21 ga Janairu, 1950, yana da shekara 46, watanni kaɗan bayan fitowar littafinsa na ƙarshe, Nineteen Eighty-Four.

Littafin a Afirka da ƙasar Hausa

An fassara littafin zuwa Swahili a 1967 da sunan Shamba la Wanyama. A 2001 jaridar Daily News ta Zimbabuwe ta riƙa buga shi kashi-kashi a zamanin Robert Mugabe, a shekarar da aka tayar da bam a maɗaba'arta. A 2023 wasu marubutan ƙasar, ƙarƙashin jagorancin Petina Gappah, suka fitar da fassararsa ta harshen Shona.

Ƙarfin fassarar Hausa yana cikin yadda ta zaunar da labarin a gida. Jones ya zama Nomau, sunan da akan raɗa wa wanda aka haifa lokacin noma. Napoleon ya zama Maitumbi, Squealer ya zama Karambana, sunayen da suka bayyana halin masu su tun kafin su buɗe baki. Akawal da Aura kuwa kalmomi ne da Bahaushe ke bambance launin doki da na jaki da su. Mai karatun da ya tashi da tatsuniyoyin Gizo da kura da zaki ya saba da jin dabbobi na magana a madadin mutane, don haka ba ya buƙatar sanin Stalin kafin ya gane Maitumbi. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Sukar da ake yi masa

Masu nazari sun daɗe suna tayar da ƙorafi biyu. Na farko shi ne wanda Eliot ya fara yi a wasiƙarsa: tunda aladu sun fi sauran dabbobi basira a halitta, su suka cancanci jagoranci, abin da ake buƙata kawai aladu masu kishin jama'a. Wannan ƙorafi ya taɓo wani rauni na gaske, domin bambancin alade da tunkiya na halitta ne, alhali bambancin ilimi tsakanin mutane abu ne da makaranta ke iya ragewa.

Na biyu shi ne cewa littafin yana kashe gwiwa, kamar yana cewa duk yunƙurin sauyi banza ne, an gudu ba a tsira ba. Orwell ya musanta wannan fahimta a wasiƙarsa ga Macdonald. Ya ce abin da yake nufi shi ne juyin juya halin da masu ƙishirwar mulki ke jagoranta da ƙarfi yana ƙarewa ne da sauyin iyayengiji, kuma sauyi na gaskiya ba ya samuwa sai talakawa sun kasance a farke, sun kuma san yadda za su sauke shugabanninsu da zarar sun gama aikin da aka ɗora musu.